Autar Saige

Muryar mahaifina ta taɓa zama a cikin wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannuna ba, a kan kantar wani shago a unguwar Mayo Gwoi. Ba ta cikin kaset, ba ta cikin waya, duk duniya a nan kaɗai take. Ɗaliban da nake koya wa kwamfuta a sakandare yanzu, idan na ba su labarin sai su ce, "Malama, me ya hana ki tura wa kanki?" Nakan ce su rufe mini baki. A lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa Jalingo ba, wadda ke hannuna kuwa ban da kira da tocila babu abin da ta iya.

Shagon na taubashina ne, ɗan Goggo yayar mahaifina. Hamma nake ce masa, yadda Fulani ke kiran yaya, amma girman a baki ya tsaya. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har ya yi aure ya haifi 'ya'ya ba mu gama ba. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma agogo da kalkuleta. Wata rana wani ɗan kasuwa mai zuwa Anaca ya sauke masa buhun kayan gwanjo, a ƙasan buhun akwai waɗannan ƙananan kwamfutoci da Turawa suka gaji da su. Gilashi ne a gaba da 'yan maɓallai a ƙasa, da ɗan tsinken roba da ake zarowa daga gefe a yi rubutu da shi. Mutanen garin nan ba su san me za su yi da su ba. Wasu manyan ma'aikata sun sayi 'yan kaɗan don a gan su da su a ofis, sauran suka zauna wa Hamma, shi kuma ya kamu da son su kamar an yi masa asiri.

Kowace tana da suna a goshi, haruffan boko biyu ko uku da lambobi a jere, wasu har da ƙaramin harafi a wutsiya. Ni a lokacin ban daɗe da gama kwaleji ba, kaina yana hayaƙi, nakan haddace sunayen in jero masa su. Shi kuwa ko kallon goshin ba ya yi.

"Wannan suna na ɗan kasuwa ne," in ji shi. "Ni uwa nake tambaya."

Uwa a wurinsa ita ce furosesa, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa da ke zaune a tsakiyar fanel yana yin duk lissafin. Duk wadda ta shigo shagon sai ya kwance ta da 'yar sukudireba, ya sa madubi ya karanta abin da ke jikin guntun, sannan ya san gidan da zai sa ta. Ya taɓa ajiye mini biyu a gabana, sunayensu ko kama ba su yi ba, ɗaya an sayar a wata ƙasa ɗaya a wata, da ya buɗe sai ga ciki ɗaya sak. Ya kuma nuna mini wasu biyu da harafi ɗaya tak ya raba sunansu, amma uwayensu daban, manhajar da ke gudu a kan wannan ko motsi ba ta yi a kan waccan.

Gida uku ya raba su, ya raɗa musu sunayen shanu, don kakanninmu makiyaya ne kuma a ruga ya yi ƙuruciya. A ruga maraƙa sunan uwarta take ɗauka, ko da launinsu bai zo ɗaya ba. Gidan Wule su ne tsofaffi, gilashinsu fari da baƙi, uwarsu mai nawa ce amma ba ta da ci, ƙananan batura biyu sai su kai ta makonni. Gidan Saige masu launi ne, suna da sauri, suna ɗaukar murya, sai dai ga zafin jiki ga haɗama, kullum bakinsu a caja. Gidan Ole ne suka zo daga baya, suka fi kowa ƙarfi, har kamfanoni suka watsar da sauran suka koma kansu. Hamma bai cika son 'yan Ole ba, ya ce ba su san wahala ba.

Nakan ce masa, "Kai dai bawa bawa ne. Sunan kamfani ko a Legas ka faɗa za a gane. Naka fa? Ran da ka mutu wa zai san Wule wa zai san Saige?"

Sai ya yi dariya ya ce in bari ya mutu tukuna.

Har yau ina ganin kowannenmu da gaskiyarsa. Sunan kamfani yana tafiya ko'ina amma ba ya gaya maka abin da ke ciki. Nasa yana gaya maka, amma bai taɓa ƙetare bakin ƙofar shagon ba.

Akwai wani hali na waɗannan na'urori da yaran yanzu ba sa yarda da shi idan na faɗa. Furosesa ba ta riƙe komai, aiki kawai take yi. Ajiya tana wurin wani guntu a gefenta, shi kuma sai da wuta yake tunawa. Ko ka kashe na'urar ba mutuwa ta yi ba, barci take, tana tsotsar batir kaɗan-kaɗan don kada ta manta. Akwai wani ɗan batir na ko-ta-kwana a ciki da ke riƙe ta idan babban ya ƙare, amma ba ya jimawa. Idan shi ma ya ƙare, shi ke nan, duk abin da ka zuba mata ya tafi, ko wanda ya ƙera ta ba zai dawo da shi ba.

Mahaifina ya rabu da shanunsa tun kafin in yi wayo. Ciwo ya ci wasu, ya sayar da sauran ya dawo unguwar Sintali ya zauna. Mutum ne marar magana, kana iya yini da shi ba ka ji kalma goma ba. Wata Babbar Sallah Hamma ya zo gaisuwa da wata 'yar gidan Saige a aljihu, ƙaramar cikinsu, wadda yake kira Autar Saige. Ya zauna a gefen tabarma ya dinga lallaɓar kawun nasa, wai ya kira shanu yadda yake kiransu da, a ji ko abin nan zai kama. Baba ya ce ba ya son shirme. Can da aka ci nama hira ta yi daɗi, sai kawai muka ji ya gyara murya ya ɗaga kai. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da na uwarta, yana jan ƙarshen sunan har sai numfashinsa ya ƙare. Shanun da babu ko ɗaya a raye. A ƙarshe ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, kashe abin nan." Wannan dariyar ma ta shiga.

Baba bai ga daminar da ta biyo ba. Bayan rasuwarsa nakan biya ta shagon idan na taso daga makarantar da nake koyarwa, Hamma ya ga fuskata ya gane, ya ɗauko Autar ya danna, ya koma kan aikinsa kamar ba ya ji. Na sha ce masa ya juye mini a kaset. Ya ce idan aka kara rikoda a bakin 'yar lasifikarta sauti zai fito da ƙura, yana jiran wata waya daga Anaca da za ta haɗa su kai tsaye. Kullum gobe. Ni ma ban matsa ba, don Autar ba ta taɓa rabuwa da caja ba, idan an ɗauke wuta ma yana da batirin mota da yake jona mata.

Zazzaɓi ne ya kwantar da Hamma, kafin mu ankara an yi jana'iza. Maganar nan da na yi masa ta mutuwa ta dinga dawo mini a zaman makoki, duk da na san wasa ne kuma ya san wasa ne. Ya bar yara ƙanana da mace da ciki. Malamai suka ce ba za a raba gado ba sai ta haihu an san abin da aka samu. Ƙanin mahaifinsa, wanda duk muke kira Baffa, shi aka ɗora wa amanar kayan. Dattijo ne makiyayi, yana zaune da garkensa a bayan garin Iware. Ya je shagon da shaidu, ya sa aka zare duk wata waya daga bango don gudun gobara, aka sa kwado, ya jefa makulli a aljihu ya koma.

Ban san an yi haka ba sai bayan sadakar bakwai, da na bi ta Mayo Gwoi na ga kwado. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagon, wani ɗan ƙabilar Mumuye mai fara'a, shi ya gaya mini. "Tsoho ya cire waya duka, Malama. Ya ce wuta zai kama." Na san batirin Autar tsoho ne, kuma gidan Saige ba su iya yunwa ba.

Na fara zuwa wurin Goggo, don tana iya sa baki. Amma Hamma ɗanta ne na fari, ko yana raye ba ta kama sunansa, balle ta tsaya yin magana a kan kayansa yana kabari. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ki je wurin Baffanku," ta juya fuska bango.

Na sami Baffa ranar da ya shigo gari. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani dalla-dalla yadda nake yi a aji, batir da ajiya da komai. Ya ce ko allura ba za ta fita daga shagon nan ba. Na ce ba fitar da komai zan yi ba, jonawa kawai zan yi. Ya ce yau ni ce, gobe wani zai zo ya ce rediyonsa na ciki, jibi wani ya ce agogonsa, idan ya buɗe wa ɗaya ya buɗe wa kowa. "Dukiyar maraya wuta ce, ɓingel am, 'yata. Ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. Ki yi haƙuri ta haihu."

Ni zuciyata a kusa take, kowa ya sani. Na tashi ba sallama, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na je gida na yi kuka na ƙoshi, na zagi kwado na zagi Anaca da wayarta. Amma ko a cikin fushin na san Baffa ba mugunta yake yi ba. Duk abin da ya sani a duniya iri biyu ne, mai rai da ake ciyarwa da marar rai da ake ajiyewa. Ba a taɓa kawo masa ƙarfen da ke jin yunwa ba.

Na sake komawa sau biyu ta hannun mutane, amsa ɗaya. Kwanaki suna ta tafiya. Ran wata Asabar na hau mota na tafi Iware da kaina, ban ma san me zan ce ba. Na same shi da hantsi a bakin rafi yana shayar da garke. Muna tsaye ya nuna mini wasu shanu biyu da sanda, ya ce na marigayi ne, su ma suna cikin gadon.

Na ce, "Baffa, to me ya sa kuke ba su ruwa?"

Ya dube ni kamar na zautu.

"Ai kayan gado ne. Ku ɗaure su ku sa kwado, sai ta haihu."

"Subhanallahi! Su mutu?"

"Abin da ke shagon nan ma haka yake. Ba roƙon ku nake ku ba ni ba. Ku shayar da ita kawai, ta marayu ce. Kuma muryar abokinku ce a cikinta, yana kiran shanunsa."

Tare suka yi kiwo da mahaifina suna samari, wannan kowa ya sani. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Shanu yake kira?" Na ce e. Ya ce me ya sa ban faɗa masa haka tun farko ba, na tsaya ina masa turancin batir. Na buɗe baki zan ce na faɗa, sai na tuna murya kawai na ce, ban ce ta wa ba, ban ce me take cewa ba. A wurina abin ciwo ne, ban iya furta shi a gaban mutane ba.

Washegari da safe ya zo da makulli da limamin unguwa a matsayin shaida. Babu wuta, mai aski ya tayar da janaretonsa ya miƙo mana waya ta taga. Shagon yana warin dalma da ƙura. Na'urorin suna jere a kan doguwar kanta yadda Hamma ya bar su, cajojin kuwa an tattara an zuba a kwali.

Ni na san Autar da sunanta na kamfani, na haddace shi har ƙaramin harafin wutsiya. Na bi goshi ɗaya bayan ɗaya har na same shi a tsakiyar layi. Na nemo cajar da ta shiga bakinta na jona. Gilashi ya kawo haske, babu komai a ciki. Na zauna a kan benci na ce shi ke nan.

Baffa bai san me nake dubawa ba, layin yake kallo. Ya ce, "Wace ce kika ce?"

"Autar Saige yake ce mata."

"To auta ba ta zama a tsakiya. Yaron nan dangwali ya yi." Dangwali ita ce doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a ruga, kowane da gurbinsa, babba a wannan baki ƙarami a wancan. Ya bi kantar da sanda yana nuna inda Hamma ya bar ɗan fili tsakanin gida da gida. "Nan garke ɗaya ya ƙare. Nan wani ya fara. Duba ta ƙarshen wannan."

Ta ƙarshen baƙa ce, da wani suna dabam a goshi, Autar kuwa ruwan toka na san ta. Sai mai aski ya leƙo ya ce ai ta faɗi ta fashe kwanakin baya, Hamma ya ɗauke cikinta ya sa a rigar wata mai irin ginin, yana yi yana gumi don kada batir ya rabu da ita. Na zaro tsinkenta. Ga shatin haƙorana a jiki, don ina da tauna shi idan ina saurare, Hamma har ya gaji da yi mini tsiya a kai. Wadda na fara jonawa 'yar gidan Ole ce mai suna kusan irin nata, harafi ɗaya ya raba su ban lura ba, ba ta taɓa ɗaukar muryar kowa ba.

Ban taɓa sa rai irin na wannan lokacin ba, kuma ba na so in sake. Na jona ta. Liman yana ta salati a hankali. Ɗan jan haske ya kama a samanta, muka jira ta ɗan sha, don na ji tsoron in tashe ta da yunwa. Sannan na danna.

Gilashi ya yi fari. Wata 'yar alama ta fito a tsakiya, da rubutun Turanci cewa in taɓa ta da tsinke. Na san wannan shafin, shi ne wanda sabuwa take nunawa ranar da aka fitar da ita daga kwali. Duk da haka na taɓa, alamar ta koma kusurwa na bi ta, ta koma wata na bi ta. Ta tambayi kwanan wata. Na wuce. Ta kawo wani shafi da layi babu komai a kansa.

Baffa ya sunkuyo. "Me ta ce?"

"Tana tambayar sunan mai ita."

Mai aski ya janye kansa daga taga. Na shiga wurin ajiyar murya duk da na san abin da zan gani, na fito, na sake shiga. Ban san ranar da ta manta ba. Wataƙila tun kafin in ga kwadon ne, wataƙila jiya da nake tsaye a bakin rafi. Na yi shekaru ina juya wannan a raina, babu hanyar sani, kuma na gode Allah da babu.

Baffa ya zauna a kan kujerar Hamma ya cire hula ya riƙe a hannu. Na zaci haƙuri zai ba ni, na kuma shirya in ce babu komai ko da ƙarya ne. Sai ya ce shi ma ya san shanun nan, tare suka kora su shekaru. Ya ce abin nan har yanzu yana ɗaukar murya? Na ce yana ɗauka. Ya ce in danna.

Na danna. Ya gyara murya ya ɗaga kai yadda Baba ya yi, ya kira ta fari da sunan uwarta, ya kira ta biyu. Sunayen daidai ne, na gane su. Muryarsa siririya ce tana rawa, ba ta ja ƙarshen sunan ba. Ya kira wata, ya tsaya yana neman mai bi mata, leɓensa yana motsi. Sai ya girgiza kai.

"Ba haka yake yi ba," in ji shi. "Goge, ɓingel am. Kada wata rana 'ya'yanki su ji su ɗauka shi ne."

Ban goge ba a gabansa, ban kuma goge ba bayan ya fita. Na bar ta a jone, na roƙi mai aski ya riƙa ba ta wuta ta taga har matar Hamma ta haihu. Baffa ya mayar da kwado da hannunsa, ya gwada shi sau biyu. Muka taka tare har bakin titi inda zai hau motar Iware, yana gaba ina baya. Da motar ta zo ya kasa ɗaga ƙafa ya shiga, sai da na riƙe masa sanda.